Sunan da Ya Tsufa a Bakin Lantana

Duk wanda ya ci kasuwar Makarfi a shekarun farko na mulkin kai ya san tsohuwar nan mai mazarƙwaila da ke zama a bakin tasha. Ba a layin masu mazarƙwaila take ba, inda akwai rumfa da inuwa da abokan hira. Can take kafa faifanta inda motoci ke sauke mutane, hayaƙi na dukanta, 'yan kamasho na tsallake ta, ƙudan zuma na taya ta gadin kaya. Lantana ake ce mata. Sunanta na yanka Ummuhani ne, amma rabon da wani ya kira ta da shi tun ranar ɗaurin aurenta. Ita kanta in ta tuna shi, sai ta ji kamar sunan wata ce da ta taɓa sani.

An sha ce mata ta koma cikin layi. Ba ta musu, ba ta kuma tashi. Ga kuma wani hali da ya sa ake yi mata dariya a bayan ido. In mota ta tsaya maza suka fara dirowa, ba fuskokinsu take kallo ba, ƙafafunsu take bi da ido ɗaya bayan ɗaya har motar ta ƙare. 'Yan kamasho suka sa mata suna Mai Duban Ƙafa. Ba su san ɗanta take nema ba, kuma ko sun tambaye ta ba za ta faɗa ba.

Ɗan fari ne. A wani ɗan ƙauye ta haife shi, Unguwar Kanya, can gefen Likoro, cikin watan azumi. Ranar suna liman ya raɗa masa Uwaisu, sunan kakansa na wajen uba wanda ya riga mu gidan gaskiya. To ka ga an ɗaure suna da igiya biyu ke nan. Kakar yaron ba za ta faɗe shi ba, don sunan mijinta ne. Lantana kuwa ba ta da bakin faɗa ko ta ina, ga shi sunan surukinta, ga shi kuma na ɗan fari. Sai kaka ta ce Ɗan'azumi, gida ya ɗauka, ƙauye ya ɗauka, sunan gaskiya ya kwanta. Lantana ko Ɗan'azumin ma ba ta faɗa. In magana ta kama dole, sai ta ce "wancan", ko "na wajen Iya", wato kakar.

Kunyar ɗan fari kowace mace ta yi ta a zamanin, amma ta Lantana ta fi ta kowa, har ana nuna ta ga amare a ce su yi koyi. Tun da aka yaye shi kaka ta ɗauke shi, ba ta ƙara ɗora ido a fuskarsa ba. In ya shigo tsakar gida sai ta sunkuyar da kai, shi ma da ya yi wayo ya koyi sunkuyar da nasa. An yaba mata, ta ji daɗin yabon, ba wanda ya tsaya ya tambaye ta abin da yabon ke ci mata. Abin da ta sani na yaron kaf daga gwiwa ne zuwa ƙasa. Ta san tafiyarsa, ta san yadda yake jan ƙafa in ya yi laifi. Ranar da adda ta sare shi a gonar rake, aka shigo da shi jini na zuba, kaka da wanzami ne suka tsaya a kansa. Ita tana bakin turmi tana daka, ba ta ko waiwaya ba. Ta daka dawar nan har ta wuce gari, hannunta bai sani ba. Ciwon ya warke, amma farcen babban yatsansa na hagu ya rabu biyu, bai sake haɗewa ba.

Ya zama saurayi lokacin yaƙin Turawa, da ake ɗiban samari ƙarfi da yaji ana kai su haƙar kuza. Waɗanda aka kai daga ƙauyen, wasu ba su dawo ba, wasu sun dawo da tarin da bai bar su ba. Da aka ji ƙishin-ƙishin yana cikin waɗanda za a ɗiba, kaka ta sa aka haɗa shi da wasu fatake masu zuwa Gwanja. Da safe ya zo ƙofar ɗakin girki ya tsugunna. Lantana na dama koko, bayanta gare shi.

Ya ce, "Zan tafi."

Ta ci gaba da damu. Can ta ce da bango, "A gaya wa mai tafiya Allah ya kiyaye hanya."

Ta ƙarƙashin hammatarta ta hangi ƙafafunsa. Suka ɗan jima a wurin, kamar suna jiran wani abu, sa'an nan suka juya. Ƙunshin dakuwa da mazarƙwailar da ya tafi da shi ita ta haɗa, amma a ɗakin kaka ta ajiye shi don ya zama daga can ya fito. Ba ta raka shi ko bakin zaure ba. Mata suka ce kai, Lantana akwai kunya.

Bayan 'yan shekaru aka aiko da goro da gaisuwa, aka ce yana Kumasi yana dako a wurin masu goro. Daga nan shiru. Sai mutuwa ta fara bi ɗaki-ɗaki. Kaka ta tafi, mijin Lantana ya bi ta, liman ya tafi, wanzami ya tafi. 'Ya'yan da ta haifa bayan na farin ba wanda ya kai yaye. Rijiyar ƙauyen ta ƙafe, sanƙarau ya shiga wata bazara ya yi ɓarna, waɗanda suka rage suka kwashe 'yan komatsansu kowa ya kama gabansa. Unguwar Kanya ta zama kufai. Lantana ta koma gidan ƙanenta Inuwa a bayan garin Makarfi, ta fara sarin mazarƙwaila. Wata rana tana ƙulla kaya ta lissafa waɗanda suka halarci sunan yaron, ta ga duk suna ƙasa. A duniya ita kaɗai ta rage da ta san sunansa na gaskiya, ita ce kuma wadda ba ta da ikon faɗarsa.

Shi ya sa ta zaɓi bakin tasha. In ya dawo ba zai sami ƙauye ba, amma dole ya sauka daga mota. In kuma ta ga mai goro da alamar ya fito nesa, sai ta miƙa masa ɓallin mazarƙwaila kyauta, a gaisa, a tambayi hanya da gajiya da mutanen gida, sa'an nan ta lallaɓo.

"Ko kun ga wani na wajenmu a can?"

"Wa ke nan, Iya?"

"Wani dai. Dogo ne."

"Sunansa fa?"

Nan maganar ke mutuwa. Sai ta hau gyara faifai. Inuwa ya taɓa tsaya mata, ya ce da wani falke Ɗan'azumi suke nema, don shi ma iyakar abin da ya sani ke nan. Falken ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Malam, a zangon Kumasi in ka ɗaga murya ka ce Ɗan'azumi, har mai sallah sai ya waiwayo. Ku kawo sunan yanka da na uba, a san inda za a dosa."

Maƙwabcinta a tasha wani mai facin keke ne, Yunana, Kirista daga ƙauyukan Ikara. Shekaru suna zaune gefe da gefe, shi ya fara gane abin da take dubawa a ƙafafun mutane, bai kuwa taɓa yi mata dariya ba. Wata rana yana goga roba ya ce, "Iya, Fadan da ke zuwa mana coci mutumin wata ƙasa ce da ake kira Ailan. Ya ce su ma yunwa ta taɓa watsa su, rabin gari suka haye teku. Yanzu jikokinsu ke aiko da tambaya, a buɗe tsohon littafin baftisma a ga wane ya haifi wane, har mutum ya gano gidansu."

Lantana ta kori ƙudan zuma da mafici. Ta ce, "Sun ji daɗi. Mu littafinmu tsofaffi ne, kuma ƙasa ta cinye su."

Duk da haka Yunana bai bar ta ba sai da ya raka ta ofishin hakimi, ko za a dace a tsofaffin littattafan haraji. Malamin da ke wurin, Malam Iliyasu, mutum ne mai haƙuri. Ya sa aka sauko da ɗaurin takardu daga saman kabad, gara ta ci gefensu, ya kaɗe, ya samo na Unguwar Kanya. Ya ce, "To Iya, faɗi sunan in duba."

Ta kalli ƙasa. Ta ce, "Na wajen kakarsa ne."

"Na ji. Sunan nake so."

Ta buɗe baki. Wallahi ta buɗe, ta yi niyya, sunan ya taso har maƙogwaro. Sai ta ji kamar kaka da surukinta da duk matan da suka taɓa yaba mata suna tsaye a bayanta. Harshe ya ƙi. Malam Iliyasu ya gane, ya ce bari ya karanto sunayen, in ya zo kansa ta ɗaga hannu kawai. Ya karanta har ƙarshe ba ta ɗaga ba. Masu gida kaɗai aka rubuta, shi kuwa ya tafi tun bai kai a rubuta shi ba. Ko da an rubuta ma, Malam Iliyasu ya ce, littafin zai nuna inda mutum ya fito ne, ba inda ya tafi ba. Ta yi godiya, ta koma bakin faifanta.

Daga nan gajiya ta kama ta, irin wadda barci ba ya saukewa. Gwiwoyi suka fara ƙara, ido ya fara hazo, har sai mutum ya matso kafin ta rarrabe yatsunsa. Wannan ya fi komai tsorata ta, don in ido ya tafi, ko ya taka faifanta ba za ta san shi ba. Wani lokaci a hanyar gida, in ta shiga tsakanin gonakin rake ba kowa, sai ta tsaya ta ce yau kam sai ta faɗa, ko don ta ji yadda yake a bakinta. Ta waiga gabas, ta waiga yamma, ta haɗa leɓe, sai ta ji kunya ta lulluɓe ta kamar an kama ta tana sata. Tsohuwa da furfura, tana jin kunyar rake! Sai ta yi tsaki, ta gyara gammo ta wuce. Ta ji haushin kanta, ta ji haushin waɗanda suka koya mata, amma haushi bai buɗe mata baki ba.

Ana nan sai labari ya zo cewa Gana ta kori baƙi. Motocin katako suka riƙa shigowa shaƙe da mutane da tabarmi da tukwane, wasu an haife su a can ba su taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Lantana ta daina zama. Da an buɗe bayan mota sai ta dogara sanda ta matsa, ta duƙa tana duba. Ta ga ƙafafu masu kumburi, ta ga masu faso, ta ga waɗanda aka naɗe da tsumma. Ta duba har idonta na zubar da ruwa, mazarƙwaila na narkewa a rana, Yunana na sayar mata. Motocin suka fara raguwa, suka ɗauke. Ba ta ga farcen da ya rabu biyu ba. Ta koma bakin faifanta ta zauna.

Bayan wasu makonni, ran kasuwa, rana ta ɗan karkata, sai ga wata matashiyar mata da ƙunshi a ka tana ratsa layuka. Zanenta irin na Gwanja ne, ya koɗe. Tana tafe tana ɗaga murya kamar mai talla, amma ba abin da take sayarwa. Yara na bin ta, wasu na cewa taɓaɓɓiya ce, an gan ta a kasuwar Ikara, an gan ta a ta Kudan, haka take yi. Lantana ba ta kula ba sai da muryar ta iso bakin tasha.

"Uwaisu! Uwaisu na Unguwar Kanya!"

Rabon da sunan nan ya shiga kunnenta tun ranar da maroƙi ya shelanta shi a ƙofar gida. Ba ta yi tunani ba, jikinta ne ya yi abin da ya saba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya baya.

Muryar ta tsaya. Lantana ta ji takun mutum na matsowa. Aka sake faɗin sunan, a hankali wannan karon, dab da ita. Ta ƙara karkacewa. Sai ta ji an sauke ƙunshi, an durƙusa.

"Iya, sannu da rana," in ji matar. Hausarta a karkace take, irin ta mutanen zango.

"Sannu," in ji Lantana, ba ta juyo ba. "Mazarƙwaila za a ba ki?"

"Iya, me ya sa kika juya?"

"Rana ce ta dame ni."

"Ai yanzu ne kike fuskantar ranar, Iya."

Yunana ya ajiye tayar da ke hannunsa, ya kori yaran da suka taru.

Matar ta ce, "Ni 'yarsa ce. Tare muka taso daga Kumasi. Ya ce in je Unguwar Kanya. Na je, ba kowa sai kuka da tsohuwar rijiya. Na tambayi Lantana, an nuna mini Lantana har na gaji. Na tambayi gidan su Ɗan'azumi, kowane gari da nasa. Dama ya gaya mini haka za a yi. Ya ce in duk ya ƙi, in bi kasuwanni in riƙa kiran sunansa na yanka. Ya ce ba wanda zai san shi, amma in sa ido kan tsofaffin mata. Wadda ta ji ta kau da kai, ita ce. Ya ce kada in jira ta ce ɗanta ne, don ba za ta ce ba."

Lantana ta riƙe bakin faifai da hannu biyu. Ta ce da ƙasa, "Mai wannan suna, ƙafarsa ta hagu fa?"

"Babban yatsa. Farcen ya rabu biyu. Ni nake yanke masa."

"Yana ina?"

Matar ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "A bakin iyaka, muna jiran a buɗe hanya, zazzaɓi ya kayar da shi. Can muka bar shi, Iya. An yi masa sallah, mutane da yawa. Gida yake zuwa."

Lantana ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta maimaita. Ba ta yi kuka ba, a kasuwa ake. Sa'an nan ta zame mayafi ta juyo. Jika ba abin kunya ba ce, ana kallonta ido cikin ido, har a yi mata tsiya. Ta kama haɓar matar ta jawo fuskarta kusa saboda hazon ido, ta yi ta kallo kamar mai zaɓen tukunya. Ta dubi goshi, ta dubi hanci. Matar ta yi ɗan murmushi cikin hawaye, sai ga wushirya.

"Wannan wushiryar, ta uwarki ce?"

"Tasa ce, Iya. Kowa ya ce da shi nake kama."

Lantana ta ce, "Ashe." Ta haife shi, ta shayar da shi, ya yi girma a gida ɗaya da ita, sai yau ta san yana da wushirya. Wannan ya fi labarin mutuwar yi mata ciwo, ta kuwa ji shi har cikin ƙashi.

Ta ce, "Ke wa ake ce miki?"

"Ummuhani. Amma shi bai taɓa kirana da shi ba. Inna yake ce mini. Ko ina ƙarama in na yi ɓarna, ba ya tsawata mini, sai ya ce a gaya wa Inna ta bari."

Yunana ya juya ya hau neman wani abu a akwatin kayan aikinsa, ya daɗe bai samu ba.

Ranar ce Lantana ta fara tashi kasuwa tun ba a watse ba. Ta bar wa Yunana sauran kaya, ta ɗauki sanda, jikarta na biye da ƙunshi. Suka fita gari, suka shiga hanyar da ta ratsa gonakin rake. Da suka kai tsakiya ta tsaya. Ba ta waiga ta ga ko akwai mai ji ba. Ta fuskanci yamma, ta gyara tsayuwa.

"Uwaisu!"

Muryar ta fito a shaƙe, sunan ya yi mata nauyi a harshe kamar na baƙon yare. Ta yi gyaran murya ta sake kira, da ƙarfi, ta ja ƙarshensa yadda mata ke yi in tuwo ya sauka yaro na wajen wasa. Sa'an nan ta karkata kunne ta tsaya jira. Ganyen rake na kaɗawa, can nesa wani na kora doki a wurin matsar rake. Ta jira iyakar yadda ake jiran mai amsawa. Ummuhani na tsaye a bayanta.

"To," in ji Lantana. "Mu je gida, kin sha hanya."

Da kasuwa ta zagayo, masu mazarƙwaila suka ga tsohuwa ta shigo layinsu, jika na ɗauke mata da faifai. Suka matsa suka ba ta wuri a inuwa. Can wata mota ta shigo tasha tana ƙugi, 'yan kamasho suka ruga, maza suka fara dirowa. Lantana ta ji, amma ba ta ɗaga kai ba. Ta ci gaba da korar ƙudan zuma.